Surajo da Sandar da Ba a Aikawa

Ranar da aka kawo Surajo ɗakinmu a Mesaimeer, can gefen Doha, sanda ce ta fara shigowa. Doguwa, ta katako, kanta a lanƙwashe, an saƙa masa raga da igiyar fata da ta yi baƙi don tsufa. Can bayanta sai ga mai ita, dogon mutum siriri, idonsa na hagu a ɗan lumshe kamar mai neman kafar allura.

Na ce, "Maraba da baƙo. Malam, ƙosai za ka tsame mana da wannan, ko kifi za ka kama? Teku dai akwai a garin nan, amma ba tamu ba ce."

Bai yi dariya ba. Ya hau gadon sama da aka nuna masa, ya kwantar da sandar ta jikin bango, ya gyara mata kwanciya, sannan ya sauko ya bi mu da hannu ɗaya bayan ɗaya. Daga gaisuwar na gane mutumin ya taɓa cin tuwon bariki: ƙafafu a haɗe, kafaɗa a miƙe, kamar mu za mu duba masa fareti. Kafin magariba na raɗa masa Ofisa, sandar kuma na sa mata Matsami. Sunayen suka zauna.

Ni ne direban bas na kamfanin gadin da muke yi wa aiki. Da asuba in kwashi masu gadi in rarraba su a ƙofofin gine-ginen Lusail, da yamma in bi in tattaro su. Shekaru na yi ina ɗaukar Surajo ina sauke shi, ban san komai game da Matsami ba, ban da cewa duk Juma'a yana shafa mata man kaɗe, kuma wanda ya taɓa ta ya taɓo rigima. Sai da korona ta zo aka garƙame mu, hira ta ƙare wa kowa, sannan ya buɗe baki.

Ɗan Funtuwa ne. Babansa mai gyaran rediyo ne a bakin tasha, mutumin da bai taɓa yarda rediyo ta mutu ba, sai dai ya ce ta gaji. Surajo ne na farko a danginsu da ya ci jarrabawar shiga makarantar horar da hafsoshin soja. Ranar tafiyarsa unguwa guda ta raka shi mota, wata gwaggonsa tun a nan ta fara kiransa Janar.

A makarantar dole kowane ɗalibi ya shiga wani wasa. Masu gudu suka tafi ƙwallon ƙafa, masu ƙirji suka tafi dambe, 'ya'yan manya suka tafi tanis. Ragowar da ba wanda ya zaɓa su ne rabon Manjo Masahudu.

Shi wannan Manjon an taɓa tura shi kwas Amurka. Abokan tafiyarsa suka dawo da firji da bidiyo, shi ya dawo da akwatin tsofaffin sanduna da wata makarantar sojan can za ta zubar. An ce matarsa ta buɗe akwatin, ta rufe, ta ɗauki mayafi, sai da aka je biko. Sunan wasan lakuros. In ba ka taɓa jin sa ba kada ka damu, ni ma sai da na ƙetare teku. Mutum goma nan, goma can, kowa da sanda mai 'yar raga a ka. Da ragar ake cafe ƙwallo, a ruga da shi, a wurga wa ɗan'uwa, har a jefa shi gidan abokan karawa. Ƙwallon wai na roba ne, amma girmansa da taurinsa goruba ce sak. Shi kuma gola aikinsa ya tsaya a gaban wannan abu yana tahowa kamar an harbo shi.

Matsalar ƙungiyar Manjo ɗaya ce: duk faɗin ƙasar ba su da wanda za su buga da shi. Sai su raba kansu Ja da Kore, yau Ja ta ci, gobe Kore ta rama, a rungumi juna a tafi cin abinci. Sau ɗaya tak aka samo musu baƙi, wasu Turawa malaman makaranta da ma'aikatan wani ofishin jakadanci, rabinsu da tumbi, yaran Manjo suka lallasa su. Tun daga ranar ƙungiyar ke kiran kanta wadda ba a taɓa ci ba a tarihi. Da Surajo ya faɗi haka na yi dariya har na ƙware. Shi ko gezau.

"Ai gaskiya ne," in ji shi. "Kawo wanda ya ci mu."

Sandar gola ta ainihi, mai faffaɗan kai, guda ɗaya ce a akwatin, don haka Manjo ya kafa mata doka. Ba a aika ta. Ba a ajiye ta wani ya zo ya ɗauka. Gola ne ke miƙa wa gola, hannu da hannu, a bakin raga. Kafin miƙawar, sabon zai tsaya a kan layi ba komai a hannunsa, tsohon ya jefe shi sau uku da iyakar ƙarfinsa. In ya juya baya ko ya ɗaga ƙafa daga layin, a nemo wani. In ya tsaya, tsohon ya jero sunayen duk waɗanda suka riƙe ta tun daga Manjo, kamar yadda malamai ke jero waɗanda karatu ya biyo ta hannunsu, ya rufe da sunan sabon, ya saki sanda.

Na tambaye shi dalilin da aka zaɓe shi. Ya ce, "Ba ni da gudu. Kuma ba na ƙifta ido." Na kalli idon hagun nan, magana ta zo mini har baki, na haɗiye ta. Ba kasafai nake haka ba.

A shekararsa ta uku, wajen atisaye, ƙwallo ya sami ƙarfen gaban hular kwanonsa daidai inda ya yi tsatsa, ya ɓalle shi ya wuce. Likitocin soja suka zauna suka ce ido ɗaya da rabi ba ya jan runduna. Aka sallame shi. A daminar nan kuma aka canza wa Manjo wurin aiki, ƙungiya ta watse, ba wani sabon gola. Surajo ya kai kakinsa da takalmansa sito, sajan ya karɓa. Ya nuna sandar, sajan ya ce shi bai san wannan ba. Ko ya sani ma, dokar Manjo ta hana a bar masa. Haka ya fito da jakar leda a hannu ɗaya, Matsami a ɗayan, ya hau motar Funtuwa inda gwaggo ke jiran Janar.

Ya koyar da motsa jiki a wata makarantar kuɗi, ya sayar da katin waya, ya yi gadin banki. Ya auri Saudatu, suka haifi Haulat da ƙannenta. Da hanyar Qatar ta samu, Saudatu ta ce ya bar sandar a bayan ƙofa, ba mai cinye ta. Ya ce wannan ajiya ce, kuma ba a ajiye ta. Ta ce to Allah ya kai su lafiya, shi da ita.

Ana gab da shigowar korona, wata yamma a bas wayarsa ta kama ƙara ba ƙaƙƙautawa. An jefa shi a zauren WhatsApp na tsofaffin 'yan lakuros. Wanda ya nemo shi Kanar Shamsu ne, abokin kwas ɗinsa, da suka kwana ɗaki ɗaya suka sha horo a rana ɗaya. An mayar da Shamsu makarantar a matsayin babba, ya samo sababbin sanduna na roba, ya tayar da wasan daga kabari. Har ya sami wani ɗalibi mai zuciya, Uwais, da zai tsaya a raga. Abu ɗaya ya rage. Ina tuƙi na ji kiran ya shigo.

"Gola, tana nan kuwa?"

Surajo ya miƙe tsaye a cikin bas, kansa ya bugi ƙarfen riƙo. "Tana nan, yallaɓai."

"Wane irin yallaɓai? Ni ne fa Shamsu."

"Na sani, yallaɓai."

Kusan shekara ashirin ba wanda ya tuna da shi a barikin nan. Abokan kwas ɗinsa sun zama kanar-kanar, har da birgediya, shi yana ɗaga wa motoci ƙarfen ƙofa. Abin da ya rage masa na makarantar sunansa ne a wannan jeri. Hutunsa ya kusa, ya sayi abayar Saudatu da turare, ya ɗinka wa Matsami riga da tsohon bargo. Ya ce mini, "Baban Jannat, ta babbar ƙofa zan shiga. Ta nan aka fitar da ni."

Sai aka rufe sama. Jirgi ba ya tashi, ba ya sauka. Bayan nan ciwon ya ɓulla a gidanmu, kamfani ya sa kwaɗo a ƙofa, ya ajiye wani abokin aikinmu ɗan Kenya a waje yana gadin masu gadi. Abinci a leda ake miƙo shi. Aikin kowa ya zama duba manhajar lafiya a waya, ko kore ce ko ta yi ja, kamar direba a danja.

A ɗakinmu akwai Nababa, mutumin Ƙaura Namoda, direban tifa a kamfanin gini na kafil ɗinmu, wato mai gidan da ya ɗauko mu duka. Gajere ne mai tumbi, ya haura hamsin, kuma matsoraci na ƙin ƙarawa. Mutum ne da in kyankyaso ya shigo ɗaki shi ke ba shi wuri. Shi ciwon ya fara kayarwa. Motar asibiti ta yi kwanaki ba ta zo ba, muka kwashe katifu muka koma baranda. Surajo ya ɗaura takunkumi biyu ya zauna. Shi ke ba shi ruwa, shi ke juya shi, shi ke wanke bokiti. In Nababa ya fara wasiyya sai ya ce masa, "Yi shiru, Baba, numfashin nan tsada gare shi." Nababa ya tashi. Abayar Saudatu kuwa ta ci gaba da kwana a jaka.

Da aka buɗe sama, sai aka ce in ka fita dawowa ba tabbas. Da wannan ta lafa, Surajo ya je wurin mudir, shugaban ma'aikatanmu, wani Balarabe mai murmushi da ba ya taɓa cewa a'a. Ya ce bayan Kofin Larabawa, habibi. Aka gama Kofin Larabawa, ya ce bayan azumi. Bayan azumi aka manna sanarwa a bango: ba mai gadin da zai motsa sai an gama Kofin Duniya. Surajo ya koma da sandar a hannu don ya yi bayani. Mudir ya saurara, ya shafa ragar, ya ce abu mai kyau, ya tambaya ko da ita ake tsame ganye a wurin wanka. Sannan ya ce, "Hutu babu. Khalas, an gama magana."

A zauren kuwa an fara gajiya. Wasu suka ce a sa sandar a kwali a ba kamfanin aika kaya. Wani ya ce a ba ɗan umara. Kanar Shamsu ya ce in ta zo a kwali itace ce kawai, gara a hura wuta da ita. A nan ba su da saɓani da Surajo ko kaɗan, shi ya sa abin ya yi wuya. Ƙarshe Kanar ya aiko saƙon murya, muka ji shi tare a ɗaki.

"Gola, na yi haƙuri iya haƙuri. An samo mana wata jami'a da za mu buga da ita a Disamba, wasan farko da baƙi tun na Turawan nan. Ba zan sa Uwais a raga ba jeri a bayansa ba. In sanda ta zo hannu da hannu kafin ranar, alhamdulillahi. In ba ta zo ba, zan buɗe sabon jeri da sandar roba, Uwais ne na ɗaya. Tsohon kuma za a faɗa wa ɗalibai a hannunka ya mutu. Ba faɗa ba ne, haka abin yake."

Surajo ya sake kunna saƙon, ya sake. Sannan ya kira gida, ya ce yana tunanin ajiye aikin ya taho. Ɗakinmu ba shi da sirri, duk mun ji amsar Saudatu.

"Baban Haulat, wallahi ina son ganinka fiye da kowa. Amma yarinyar nan yanzu ta shiga makarantar jinya, ƙannenta na biye. In ka taho don ni ne, zan yi guɗa. In don sanda ne, ka fara gaya mini abin da za mu ci bayan an gama tafi."

Bai sake tayar da maganar ba. Ya daina cin abinci sosai. Ranar Juma'a sai ya fita bayan gida ya yi ta wurga ƙwallo a bangon banɗaki yana cafewa, har 'yan Nepal da ke ɗakin gefe suka kai ƙara.

Ana haka aka ce a tsayar da gine-gine kafin baƙin Kofin Duniya su iso, kada ƙura da tifa su ɓata wa gari kwalliya. Kamfanin ginin ya sallami direbobinsa, har da Nababa. Ya dawo da tikitin jirgi a hannu kamar an ba shi sammaci, ya zauna bakin gado. Shi yana son zama an ce ya tafi, na gadon samansa yana son tafiya an ce ya zauna. Ɗakin ya yi nauyi, ni kuma ba na iya zama da shiru.

Na ce, "Ofisa, ai ga mafita. Ka naɗa Nababa gola. Faɗinsa kaɗai ya isa ya toshe raga, ba sai ya motsa ba."

Kowa ya yi dariya, har Nababa. Surajo ya leƙo daga sama, ya zuba masa ido ɗaya da rabin nan, ya daɗe.

Nababa ya ce, "Kai, Ofisa, daina kallona haka. Ni ko langa ban yi ba ina yaro. Ranar allurar rigakafi ba kai ka ɗauke ni daga ƙasa ba?"

"Dokar ba ta ce sai soja ba," in ji Surajo a hankali. "Cewa ta yi gola."

Ya kira Kanar. Kanar ya yi tsaki, ya yi dariya, ya ce a ba shi lokaci. Manjo Masahudu ya riga mu gidan gaskiya, ba wanda za a tambaya. Zaure ya kwana biyu yana musu. Daga ƙarshe Kanar ya ce ya yarda, amma da idonsa zai gani, kuma jifa uku na gaske, irin wadda aka yi wa kowa. In aka sassauta, ba a yi ba.

Ni na ɗauka Nababa zai gudu ya ɓuya a filin jirgi. Sai na ji yana tambayar Surajo ko ƙwallon yana karya ƙashi. Surajo ya ce yana yi, wani lokaci. Nababa ya share zufa.

"Lokacin da kowa ke gudun numfashina kai ka zauna," in ji shi. "Kuma ni da zan sauka Kano ba shiri, yara su tare ni su ga jaka ba nauyi, gara a ce wani aiki na kawo."

Sai kuma ta bayyana akwai sauran rina. In Nababa ya karɓi sanda, shi zai jefi Uwais a can. Saboda haka sauran kwanakinsa a Doha ya ƙare su yana koyon jifa a bayan gida. Ya sami injin sanyaya ɗakin 'yan Nepal, ya sami kwandon shara, ya sami shanyar wani Bangali. Bangon da ake nufi ne kawai ya tsira.

Ranar Juma'ar ƙarshe bayan la'asar muka fita filin da ke bayan katanga, inda ake ajiye motoci. Aka haɗa raga da bututun ruwa da koren net ɗin da ake rufe gini da shi. Aka ja layi da garin siminti. Wani ɗan Uganda mai kai abinci a babur ya ara mana hular kwanonsa, aka yanko katifa aka ɗaure wa Nababa a ƙirji da bel biyu. Ya fito kamar buhun da aka yi wa rawani. Gidan ya fito kallo, masu harsuna kala-kala, ba wanda ya san me ake yi. Ni aka ba waya. Ga Kanar a ciki, da jallabiya da kofin shayi.

Surajo ya auna tazara, ya ɗora ƙwallo a raga, ya jefa. Ƙwallon ya tafi a hankali ya faɗa kan katifa, ya gangaro.

"Gola," in ji Kanar, "jifa ce wannan ko goro kake miƙa wa suruki? Ba a lissafa ba."

Na matsa kusa da Surajo. Ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Daga nan aka same ni, Baban Jannat. Daidai wannan tazarar. Kuma idon nan ba ya auna nisa yanzu. In na nufi ƙirji zan iya samun maƙogwaro."

Kanar ya ce yana da taro, in ba za a yi ba a gaya masa. Sai muryar Nababa ta fito daga cikin hular, a toshe, tana rawa.

"Ofisa! Yalla, jefo mana! Fitsari nake ji, kuma in na bar layin nan wallahi ba na dawowa!"

Surajo ya yi bisimilla, ya ja baya, ya taka, ya saki. Ban ga ƙwallon ba, ƙararsa na ji a kan katifa, tim, kamar an doki ganga. Nababa ya yi baya da kafaɗa, ƙafafunsa na nan. Ta biyu ta sauka a cinya, inda ba katifa. Ya kurma ihu, ya kira sunan mahaifiyarsa, ya kira na wani shehi, ya zagi tifa da mai tifa. Na kai waya kan ƙafafunsa don Kanar ya gani. Suna kan siminti.

"Saura ɗaya," in ji Kanar. Ya ajiye kofin.

Ta ukun ta tashi sama. Ta daki hular kwano a goshi, ta yi tsalle ta haye katanga. Nababa na tsaye, hannuwa a buɗe, bai motsa ba, har na fara tunanin a tsaye ya suma. Sai muka ji ya ce, "An gama? Don Allah wani ya ce an gama."

'Yan Nepal ne suka fara tafi.

Surajo ya taka har bakin raga, ya haɗe ƙafa, ya riƙe sandar a kwance da hannu biyu, Nababa ya kama. Ya fara da Manjo Masahudu. Daga shi Fatawu ɗan Ilori. Ya ci gaba, suna bayan suna, Batibe da Bayarabe da Babarbare, wani ya kwanta a Saliyo, wani a dajin arewa maso gabas, duk wanda ya rasu sai Kanar ya ce Allah ya jiƙansa daga cikin waya. Ya faɗi nasa sunan. Ya faɗi na Nababa. Aka jira. Nababa ya ja sandar, ba ta taho ba. Ya sake ja.

"Ofisa," in ji shi a hankali, "saki mana."

Ya saki.

Nababa ya tafi yana ɗingishi, da Matsami a rigarta ta bargo. Baƙi suka cika gari. Aka kai Surajo ƙofar tashar jirgin ƙasa a Lusail, daga safe har rana ta faɗi yana tsaye yana nuna wa 'yan kallon ƙwallo masu fenti a fuska hanya. Ranar wasan makarantar yana can, waya kuma an hana riƙewa a bakin aiki. Sai da na ɗauko su ya buɗe, muka tsaya a gefen titi muka kalla, bas guda a kan waya ɗaya.

Ga Nababa da babbar riga a tsakiyar filin soja, hafsoshi a jere. Jifarsa ta farko ta haye raga ta nufi wajen masu badujala, suka watse. Ta biyu ta faɗi a gabansa. Kanar ya sa aka matso da shi, aka sake matso da shi, har ya kusa taka ƙafar Uwais, sannan aka samu uku suka sauka a jikin ɗalibin. Ya jero sunayen bai ɓata ko ɗaya ba. Da ya zo kan Surajo sai ya ƙara da nasa, ya ce, "Surajo na Funtuwa, yana Doha, an hana shi hutu." Fili ya ɗauki tafi. Surajo ya mayar da wurin baya ya sake ji, sannan ya miƙo mini wayar ya juya fuska ga taga. Jami'ar ta ci su a ranar, amma wannan bai ko tambaya ba.

Jeri bai mutu a hannunsa ba. Kwana biyu zaure na yi masa jinjina, daga nan aka koma maganar ƙarin girma da ɗaurin aure. Kanar ba shi da sauran dalilin kira, bai kuma kira ba. An sa Nababa a zauren. Kullum da safe sai ya tura hoton fure da barka da Juma'a, ko da Talata ce, kanar-kanar su amsa masa, "Amin, Gola." Surajo yana karantawa a bas, ba ya rubuta komai.

Baƙi suka watse, aka cire tutoci. Aka mayar da shi wani dogon bene a Lusail da aka gama ba wanda ya tare. Wata safiya da na tsaya sauke shi na ce, "Ofisa, yanzu ai sai ka koma wurin mudir. An gama kofin."

Ya tsaya da ƙafa ɗaya a matakala. "In je in kai musu me?"

"Ka kai wa Saudatu kanka mana. Ita ba sai ka jefe ta sau uku ba."

Bakinsa ya ɗan motsa, ya kusa yin dariya. Motar bayana ta danna ham. Ya sauka, ya gyara hularsa, ya nufi ƙofar. Ta madubi na ga ya ɗaga ƙarfen ya gwada shi, ya sauke, ya tsaya a gefensa da ƙafafu a haɗe.